Yadda ake bin sawun iskar sitiratosfiya da beriliyam-7 da beriliyam-10, mataki bayan mataki

Tambayar da ɗalibai da ma'aikatan tashoshin auna iska suka fi maimaitawa ita ce: idan ana son gane iskar da ta sauko daga sitiratosfiya, wato sashen sararin sama da ke bisa inda ake yin gajimare da ruwan sama, da tsawon lokacin da ta yi a can, ta ina ake farawa, me ake bukata, kuma a ina aikin ya fi lalacewa? Ga tsarin kamar yadda ake bin sa, daga famfon zuƙar iska zuwa lambar ƙarshe.

Abu uku kawai za ka riƙe kafin ka fara. Ƙwayoyin kosmik masu zuwa daga sararin samaniya suna farfasa atom na naitirojin da oksijin, sai a samu Be-7 da Be-10, wato beriliyam-7 da beriliyam-10, aisotof biyu (nau'i biyu masu bambancin nauyi) na sinadarin beriliyam, kuma wajen kashi 2 cikin 3 a sitiratosfiya ake samar da su. Da zarar sun samu sai su manne wa ƙananan ɓurɓushin da ke yawo a iska, waɗanda ba su kai maikiromita 1 ba. Sannan Be-7 yana raguwa da rabi duk kwana 53.22, shi kuwa Be-10 sai ya yi shekara miliyan 1.387 kafin ya ragu da rabi. Idan ka raba yawan atom na Be-10 da na Be-7, lambar da ka samu za mu riƙa kiranta R. Ita ce agogon da duk aikin ya dogara a kai.

Mataki na 1: Yanke shawarar abin da za ka auna

Be-7 shi kaɗai ya fi araha nesa ba kusa ba, domin na'urar da ke ƙirga hasken gamma da yake fitarwa ta ishe ka. Matsalarsa ruwan sama. Iska na iya saukowa daga sitiratosfiya ɗauke da Be-7 mai yawa, ruwa ya wanke shi a hanya, kai kuma ka ga lamba ƙarama ka ce babu abin da ya faru. R ba ta da wannan ciwon, saboda ruwa ba ya bambanta aisotof biyun, tare yake kwashe su, R ta tsaya inda take. Idan burinka gano ranakun da iskar sama ta kutso ne kawai a tashar da ke kan dutse, Be-7 haɗe da ozon da danshin iska zai kai ka nesa. Idan kuwa shekarun iskar kake nema, ko kason da sitiratosfiya ta bayar, babu makawa sai da Be-10.

Gargaɗi: nemi gurbi a ɗakin gwajin AMS, na'urar da ke ƙirga atom na Be-10 ɗaya-ɗaya, tun kafin ka kunna famfo. Irin waɗannan wurare kaɗan ne a duniya: ETH a Zurich, VERA a Biyana, PRIME Lab a Jami'ar Purdue, CAMS a Livermore, ANSTO a Ostireliya, da cibiyar Xi'an a Sin na cikin sanannu. Layi yakan ɗauki watanni, kuma kowannensu yana da sharaɗinsa kan yadda za a shirya samfuri. Be-10 zai jira ka. Be-7 ne ba ya jiran kowa.

Mataki na 2: Wuri da tsawon kowane samfuri

Ɗauko iskar sitiratosfiya kai tsaye sai da jirgi mai tashi sama sosai, irin WB-57 ko ER-2 na hukumar NASA, ko balan-balan. Iyakar da ke tsakanin turofosfiya, sashen iskar da muke ciki, da sitiratosfiya tana wajen kilomita 16 zuwa 18 a yankin ikwaita, ta sauko zuwa wajen kilomita 8 a ƙuryar arewa da kudu. Mafi yawan masu bincike ba su da jirgi, don haka a ƙasa suke tarbar iskar. Tashoshin kan duwatsu irin Jungfraujoch a Suwizalan, Zugspitze a Jamus da Sonnblick a Ostiriya sun fi dacewa, domin iskar da ta kutso takan iso su kafin ta gauraye sosai.

Kutsen iskar sama, wanda yawanci ke faruwa inda iyakar ta naɗe kusa da igiyar iska mai gudu da ake kira jet, yakan wuce tasha cikin awoyi ko kwana ɗaya zuwa biyu. Samfurin mako guda zai narkar da shi cikin sauran kwanakin. Saboda haka awa 24 shi ne mafi tsawo idan kutse kake farauta. Samfurin mako yana da amfani ga mai neman sauyin damina da rani ko na shekara-shekara.

Nisanci titin ƙasa, gona da ake huɗa, da wurin gini. Dalilin yana mataki na 7, kuma shi ne ya fi kashe sakamako.

Mataki na 3: Famfo da matata

Famfon da aka saba da shi yana zuƙar wajen kubik mita 68 a awa, wato kimanin 1,600 a yini, ta matata mai faɗin santimita 20 da 25. Tashoshin hukumar CTBTO masu sa ido kan gwajin nukiliya suna zuƙar aƙalla kubik mita 500 a awa, kuma kullum suna ganin Be-7 a samfurinsu, amma ba sai ka kai nan ba.

Zaɓen matata ba ƙaramin abu ba ne. Matatar zaren gilashi tana kama ɓurɓushi da kyau kuma ta dace da gamma, sai dai gilashin nata cike yake da boron, shi kuwa boron-10 nauyinsu ɗaya da Be-10, kuma shi ne babban abokin gaban AMS. In har za ka auna Be-10, ɗauki ta kwatz, ko ta folifurofilin, ko ta selulos irin Whatman 41. Ta selulos tana ƙonewa ta zama toka cikin sauƙi, amma tana ɗan barin ƙananan ɓurɓushi su wuce a farkon zuƙa. Wannan yana rage yawan da za ka ƙirga a kubik mita, bai cika taɓa R ba.

Gargaɗi: yayin da matata ke toshewa, gudun iska yana raguwa. Kada ka ninka gudun farko da awa 24. Yi amfani da famfo mai daidaita gudu da kansa, ko mita mai tara jimilla, ka kuma gwada mitar lokaci-lokaci. Mayar da yawan iskar da aka zuƙa zuwa ma'auni ɗaya, digiri 0 na Salsiyos da matsin hektofaskal 1013.25, ka rubuta cewa haka ka yi. A tashar da ke mita 3,500 sama matsin iska bai wuce kashi 2 cikin 3 na bakin teku ba, wanda ya manta wannan ya jefa kuskuren kashi 30 ko fiye cikin lissafinsa tun bai shiga ɗakin gwaji ba.

Mataki na 4: Cirewa, lokaci da samfurin wofi

Sa safar hannu marar hoda, naɗe matatar fuskar ƙura a ciki, saka ta a leda mai zif. Rubuta lokacin kunnawa da kashewa har da minti, da agogon UTC, domin bayanan yanayi da za ka haɗa da su daga baya duk da shi suke.

Cikin kowace matata 10, ware ɗaya ta zama ta wofi: a ɗora ta kan famfo, a cire ba tare da an kunna ba, sannan ta bi duk hanyar da sauran za su bi har AMS. Masu son rage kashe kuɗi nan suke fara yankewa, kuma nan ne bai kamata a taɓa ba.

Mataki na 5: Auna Be-7 da gamma

Be-7 yana fitar da gamma mai ƙarfin keV 477.6, amma sau 10.44 kacal cikin kowace ruɓewa 100. Ana bukatar na'urar jamaniyam mai tsabta, HPGe, cikin garkuwar dalma mai kaurin santimita 10 da aka yi wa shafin tagulla daga ciki, tana sanyaye da ruwan naitirojin ko injin sanyaya na lantarki.

Kada ka saka matatar nan take. Bar ta awa 24 zuwa kwana 2 ko 3 domin 'ya'yan radon, wato aisotof ɗin da ruɓewar iskar radon ke haifarwa, su mutu. Pb-214 da Bi-214 suna ƙarewa cikin 'yan awoyi, Pb-212 kuwa rabinsa na tafiya ne duk awa 10.6, kuma muddin yana nan yana ɗaga hayaniyar da ke ƙarƙashin layin Be-7 na keV 477.6 da kake nema. Amma kada jiran ya zarce mako 2 ko 3, domin Be-7 yana zubewa da kashi 1.3 cikin 100 kowace rana.

Matse matatar ta zama faifai, da siffa ɗaya da kauri ɗaya kowane lokaci, ka ajiye ta wuri ɗaya a kan na'urar. Ma'aunin da za ka gwada ƙarfin na'urar da shi dole ya kasance da wannan siffar: matata marar komai da aka ɗiga wa ruwan gwaji mai sanannen ƙarfi, aka matse ta kamar sauran. Milimita 2 ko 3 na bambancin kauri suna iya kawo kuskuren da ya fi na ƙidayar kanta.

Ga misali don ka san abin da za ka sa rai. A ce iskar na ɗauke da milibekerel 4 a kubik mita (bekerel 1 ruɓewa ɗaya ce a sakan), wanda abu ne da aka saba gani a ƙasa, ka zuƙi 1,600. Kana da bekerel 6.4 a matatar. Idan na'urarka tana kama kashi 5 cikin 100 na gamma a wannan layin, cikin awa 24 za ka ƙirga wajen 2,900, kuskuren ƙidaya kusan kashi 2. Ya wadatar. Ƙara lokaci daga nan ɓata wa masu jiran na'urar lokaci ne.

Gyaran ruɓewa kashi uku ne, kuma ana yawan mance na farko: ruɓewar da ta faru yayin da famfo ke aiki, ta tsakanin kashe famfo da fara ƙidaya, da ta lokacin ƙidayar. A samfurin yini ɗaya na farkon bai kai kashi 1 ba. A na mako guda ya haura kashi 4.

Gargaɗi: idan garkuwarka tana da roba mai boron don tare niyutiron, za ka ga wani faffaɗan tudu a daidai keV 478, domin boron-10 da ya haɗiye niyutiron yana haifar da litiyam-7 mai fitar da gamma iri ɗaya. Ƙirga na'urar babu komai a ciki na kwana 2 ko 3 ka tabbatar. Tunda matatar tana kai, karanta layin Pb-210 a keV 46.5 idan na'urar tana gani ƙasa haka. Daga radon na ƙasa yake fitowa, don haka iskar sama ba ta da shi da yawa, shaida ce kyauta.

A ƙarshe mayar da bekerel zuwa atom: milibekerel 1 na Be-7 daidai yake da atom 6,630 ko kusa da haka. Misalinmu ya zama atom 26,500 a kubik mita.

Mataki na 6: Ciro Be-10 don AMS

Sai an gama gamma ake taɓa wannan, domin daga nan matatar ba za ta dawo ba. Yanke ta biyu, ka ajiye rabi. Auna nauyi ko faɗin kowane ɓangare, kada ka dogara da ido.

Abu na farko shi ne zuba ɗan rakiya, wato beriliyam-9 da aka san nauyinsa, miligiram 0.2 zuwa 0.5. A sikeli ake auna shi, ba da alamar bututu ba. Kuma tun kafin asid ya taɓa matatar ake zuba shi. Hikimar ita ce, da zarar Be-9 da Be-10 sun gauraye, duk abin da ya zube a hanya tare zai zube, kwatancinsu ba zai canza ba. Wanda ya zuba ɗan rakiya bayan ya tace ruwan, asarar da aka yi kafin nan ba shi da hanyar gano ta.

Daga nan tsarin shi ne: jiƙa matatar cikin asid haidurokulorik, ko naitirik da haidurojin feroksaid, a kan wuta marar ƙarfi, ka tace. Wuce da ruwan ta bututun resin mai kama ƙarfe, sannan ta resin irin AG 50W-X8 wanda ke raba beriliyam da boron da alminiyam. Ɗiga amoniya har pH ya kai 8 zuwa 9, farin laka na beriliyam haiduroksaid zai kwanta. Wanke shi sau 2 ko 3 da ruwa mai tsabta sosai, busar, ƙona a ƙoƙon kwatz a digiri 850 zuwa 1,000 ya koma beriliyam oksaid, BeO. Gauraya da garin niyobiyam, ka danna cikin ƙaramin bututun da ɗakin AMS ya aiko.

Gargaɗi kan lafiya: garin BeO guba ne idan an shaƙa, yana haddasa ciwon huhu marar warkewa, kuma yana cikin abubuwan da ke kawo sankara. Ƙonawa, niƙawa da dannawa duk a cikin akwatin safar hannu ko ƙarƙashin murfin zuƙe iska mai matata ake yin su. Babu sassauci a nan ko da miligiram ɗaya ne.

Gargaɗi kan boron: kwalaben gilashin ɗakin gwaji, ruwan famfo, sabulu da ƙurar ɗaki duk suna kawo shi. Yi aiki da Teflon da roba. Haka kuma kada ka shirya samfurin iska a teburin da ake narkar da ƙasa ko lakar teku, domin giram ɗaya na irin waɗannan yana iya ɗauke da Be-10 fiye da matatarka gaba ɗaya.

Ɗan rakiyan ma yana da nasa Be-10. A na kasuwa kwatancin Be-10 da Be-9 yakan kai wajen 10⁻¹⁴, wanda aka ciro daga ma'adinin fenakait ko beril na ƙarƙashin ƙasa ya fi shi tsabta sau goma ko fiye. Mu koma misalinmu: idan R ta kai 2, rabin matatar yana da atom miliyan 42 na Be-10. Miligiram 0.3 na Be-9 atom 2 × 10¹⁹ ne. AMS zai ba ka wajen 2 × 10⁻¹², sama da na wofi sau ɗari biyu, don haka na kasuwa ya isa. A samfurin jirgi mai 'yan kubik mita kaɗan ne ake bukatar mai tsabtar.

Idan sakamako ya dawo, ninka lambar da yawan atom na Be-9 da ka zuba, cire atom ɗin da aka samu a samfurin wofi, ka raba da yawan iskar da rabin matatar ke wakilta. Tambayi ɗakin gwajin ma'aunin da suka daidaita da shi. An sake ƙimar ma'aunan Be-10 a 2007, kuma tsakanin tsohuwar ƙima da sabuwa akwai kusan kashi 10 cikin 100. Duk mai kwatanta sakamakonsa da na tsofaffin rahotanni sai ya gyara wannan.

Mataki na 7: Cire rabon ƙura

Ƙasar da iska ta kwaso ta shafe dubban shekaru tana tara Be-10, Be-7 ɗinta kuwa kusan babu. Idan ta hau matatarka sai R ta tashi, ka ɗauka tsohuwar iskar sitiratosfiya ce ta iso, alhali ƙurar bayan tasha ce. A ce akwai maikirogiram 50 na ƙura a kubik mita, kowane giram ɗauke da atom miliyan 300. Atom 15,000 ke nan a kubik mita, fiye da kashi 1 cikin 4 na 53,000 da ke misalinmu.

Maganin shi ne auna alminiyam ko kalsiyam a wani yanki na rabin da ka ajiye, ka ƙiyasta nauyin ƙurar, ka auna Be-10 a ƙasar saman yankin da ƙurar ke fitowa, ka cire. Idan gyaran ya haura kashi 30 na jimillar, a ganina gara a yi wa samfurin alama a ajiye shi gefe da a gina hujja a kansa.

Mataki na 8: Karanta agogon

A lokacin da ake samar da su R tana tsakanin 0.5 da 0.6, gwargwadon lissafin da ka bi. Zaɓi ɗaya, ka faɗi wanda ka zaɓa. Idan iska ta zauna inda ake samar da su ba tare da ruwa ya wanke ta ba, Be-10 yana ta taruwa, Be-7 kuwa yakan kai wani matsayi ya tsaya. Lissafin shi ne R = R₀ × λt ÷ (1 − e^(−λt)), inda R₀ take R ta lokacin samarwa, t yawan kwanaki, λ kuwa saurin ruɓewar Be-7, 0.01302 a kowace rana. Da R₀ na 0.6, kwana 30 zai ba ka 0.72, kwana 77 ya ba ka 0.95, shekara guda 2.9, shekara biyu 5.7. Shi ya sa R da ta kai 4 ko fiye, irin wadda jirage suka auna a ƙasan sitiratosfiya, take nuna iskar da ta daɗe tana tafiya cikin zagayen Brewer da Dobson, wanda ke ɗaga iska a yankin ikwaita ya sauke ta can kusa da ƙuryoyin duniya.

Wannan lissafin yana ɗauka cewa samarwa ba ta canza ba a duk tafiyar, kuma ba haka abin yake ba: ta fi yawa a sama da kuma kusa da ƙuryoyi. Idan iskar ta sauko inda samarwa ta yi ƙasa sosai, R takan ninka duk kwana 53 saboda ruɓewa kawai. Don haka R ɗaya tana iya fitowa daga tarihi biyu mabambanta, kuma lambar da ka samu matsakaicin shekaru ce, ba ranar haihuwa ba. A can sama kuma ɓurɓushin yana nitsewa a hankali da nauyinsa, ba ya bin iskar sau da ƙafa, abin da ya fi tsanani bayan aman wuta irin na Pinatubo a 1991, lokacin da ɓurɓushin ya yi girma.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne haɗa R biyu a raba. Iskar sitiratosfiya tana ɗauke da Be-7 sau goma-goma fiye da ta ƙasa, don haka kashi 5 cikin 100 nata kawai yana iya jan R ɗin gaurayen sosai zuwa gefenta. Yi lissafin gauraye da yawan atom na kowane aisotof daban, sannan ka raba a ƙarshe.

Mataki na 9: Nemo shaidu

Kada ka sanar da kutse da beriliyam kaɗai. A ranar da R da Be-7 suka tashi, duba ko ozon ya tashi, danshi ya faɗi, kabon monoksaid da Pb-210 sun ragu. A Zugspitze an daɗe ana amfani da milibekerel 8 a kubik mita a matsayin alamar kutse, amma wannan iyakar ta can ce. Fitar da taka daga bayanan tasharka na aƙalla shekara guda, wata-wata, domin a lokacin zafi Be-7 yakan tashi a ƙasa saboda iskar saman turofosfiya da ke gaurayowa, ba tare da sitiratosfiya ta sa hannu ba.

Sannan bi iskar da baya na kwana 5 zuwa 10 da manhajar HYSPLIT ta hukumar NOAA ko FLEXPART, kan bayanan yanayi na ERA5, ka ga ko ta taɓa ratsa inda ma'aunin juyawar iska ya wuce PVU 2, wanda shi ne iyakar sitiratosfiya da aka fi amfani da ita a wajen yankin ikwaita. Hanya ɗaya ba hujja ba ce, saki da yawa daga wurare da tsayi kusa da tashar ka ga ko sun yarda da juna.

Idan bayananka sun shafe shekaru, gyara Be-7 da zagayen rana na shekara 11, domin samarwa tana raguwa idan rana ta yi ƙarfi. Bayanan na'urar ƙirga niyutiron ta Oulu a Finlan a buɗe suke ga kowa. R ba ta damu da wannan sosai ba, tunda aisotof biyun tare suke hawa da sauka.

Inda kuɗin ke tafiya

Famfo da matata su ne mafi sauƙi. Na'urar jamaniyam da garkuwarta su ne babban jari, sai kuma ruwan naitirojin da ba ya yankewa, tulun lita 30 yakan yi wajen mako 2. AMS kuwa kowane samfuri da kuɗinsa, har da na wofi, ga kuma ladan shirya shi idan ba kai ka yi ba. Saboda haka auna Be-7 a kowace matata, amma kada ka tura duka AMS. Zaɓi ranakun da shaidu suka nuna kutse, ka haɗa da kwana 2 kafin da 2 bayan kowanne, da wasu ranakun da babu abin da ya faru a kowane wata don su zama abin kwatanci. Sauran rabin matatun a ajiye su a busasshen wuri cikin leda, da lambarsu da takardar lokacinsu, domin ko bayan shekara 10 ana iya ciro Be-10 ɗinsu muddin an riga an auna Be-7 a kan lokaci.